Gambun Zauren Kawu Ɗanjimma

Kun tashi kuna jin ana cewa Kawu Ɗanjimma na Gummi, yayan Inna kakarku, ya sayar wa wani baƙo ƙyauren zauren kakanninsa. Wasunku sun ji a bakin mutanen gari, wasunku kuma a bakina, domin ni ma na faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. To ƙarya ce. Mutumin nan bai sayar da ko tsinke ba. Ni na kai baƙon, ni na koya masa yadda zai yi, a motata aka ɗora ƙyauren, kuma da hannuna na ɗaure shi da igiya. Tun da na fara wannan rubutu nake kewaye wannan babi kamar yadda jaki ke kewaye bakin rijiya, amma idanuna sun fara gajiya, ban san ko za su kai ni baɗi ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce. Lokacin ba a san wata jihar Zamfara ba, duk Sakkwato muke. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina tuƙa a-kori-kurar wani ɗan kasuwa a Anka, ina kai gero da gyaɗa kasuwannin ƙauye. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma a tasha ni ke karanta wa direbobi takarda, sai abin ya hau mini kai. Kullum ina jin da na samu wanda ya riƙe ni, da tuni ina zaune a ofis. Mai irin wannan zuciya ba ya wuyar kamu, ba sai an ɗana masa tarko mai kyau ba.

Bayan an gama girbi wani mutum ya sauka a tasha da kwat mai aljihu huɗu, da jaka, da kyamara rataye a wuya. Hausarsa ta Kano ce, yana tsarma Turanci. Ya ce daga wani ofishin gwamnati yake, an turo shi ya zagaya tsofaffin garuruwa ya rubuta tarihinsu, yana neman mota ta kwana huɗu da direban da ya san ƙasa. Sunan da ya ba mu ban yarda nasa ba ne, don haka ba zan rubuta shi ba. 'Yan tasha Mai Hoto suka sa masa, haka zan kira shi. Maigidana ya ba da motar. Ban fi awa guda tare da shi ba ya dube ni ya ce:

"Malam Garba, ai kai ba direba ba ne, masani ne kai. Sunanka zai fito a shafin farko na littafin nan."

Ba wanda ya taɓa ce mini malam kafin ranar. Ku dubi arhar da na yi.

Ranar farko a Anka muka ƙare ta. Na zagaya da shi abin da ya rage na ganuwa, inda ta zube ta zama tudu akuyoyi na hawa, da inda take tsaye har yanzu ta fi mutum a kan raƙumi. Na nuna masa gurbin tsofaffin ƙofofi, da kukokin da mutum biyar ba sa rungumewa, da marina inda ake tsoma zane ya fito baƙi wul yana sheƙi. Garin da aka haife ni ne, kullum ina ratsa wuraren nan da mota ban taɓa rage gudu ba, har kunya nake ji in baƙi suka ga gidajenmu na ƙasa. Sai ga mai kwat yana durƙusawa yana ɗaukar hoton katangar da muke fitsari a gindinta muna yara. Nan take garin ya yi mini kyau. Na shiga zuba bayani, abin da na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ƙirƙira, shi kuwa yana rubutawa yana gyaɗa kai. A wajen kaburburan tsofaffin sarakuna akwai wani dattijo mai tsaron wurin, ya hana Mai Hoto matsawa da takalmi, ya tsaya yana sauraren yadda nake jera sunaye da yaƙe-yaƙe. Da na numfasa ya ce:

"Garba, yaushe kaz zama jikan sarakuna? Ba kai na ɗan Mamman mai jakkai ba?"

Masu rini da suka biyo mu suka kwashe da dariya. Na ji zafin abin ƙwarai. Yau kuwa in na tuna, ina ganin tsohon nan shi kaɗai ya so ni da alheri a tafiyar, ya yi ƙoƙarin sauko da ni ƙasa tun ban hau inda zan faɗo ba.

Washegari muka kama hanyar Bukkuyum. Wanda ya san titin yau bai san hanyar ba. Jan burji ne da ramuka, in an zo gulbi sai a sauka a sassauta iskar taya a ratsa yashi, mutanen ƙauye na turawa. Duwatsu a gefe, fadamu a ƙasa, shanu suna tare hanya ba mai ce musu kanzil. Mun tarar ranar kasuwa ce. Mai Hoto ya ɗauki hoton maƙera, da masu saƙar tabarma, da wani tsohon masallaci mai ginshiƙan ƙasa da aka ce ya ga zamanin yaƙi. Nan na fara lura da wata ɗabi'a tasa, amma na kau da kai. Duk abin da ya ɗauki hotonsa, sai hannunsa ya bi bayan idonsa. Ya shafa, ya juya, ya ɗaga ya ji nauyi, sannan ya tambayi shekarunsa. Mai rubuta tarihi me ya haɗa shi da nauyin abu?

Da yamma ta yi sanyi muka gangara wajen Gwashi, wata ruga da na saba sayen man shanu. Akwai wata dattijuwa Bafulatana, Goggo Adama, mai jeren ƙorai a bukkarta, sassaƙaƙƙu, sun sha hayaƙi da mai har sun yi ja kamar goro. Babbar cikinsu ta kakarta ce. Mai Hoto ya gani ya rikice. Ya fito da kuɗi, ta dubi gefe. Ya ce zai kawo mata kwanonin ƙarfe masu fure dozin guda, ta ci gaba da burga nononta. Ya ƙara, ya ƙara, ni ina tsakani ina fassara kamar ba Hausa yake yi ba. Da ta gaji ta ɗago ta ce mini:

"Direba, ce mashi ƙwaryar ga ta girme shi. In nono shi ka so, in ba shi. In ƙwarya shi ka so, shi tahi shi shuka duma."

Matan rugar suka yi ta dariya har muka shiga mota. Mace guda, ba ta taɓa shiga aji ba, ta gane mutumin nan cikin lokacin da ake burga nono. Ni mai karanta takarda kwana biyu ina zaune kafaɗa da kafaɗa da shi ban gane ba, ko kuma na gane na ƙi.

A hanya ya yi ta faɗa. Ya ce mutanenmu ba su san darajar abinsu ba, gara za ta cinye komai, bayan shekara ashirin ba za a samu abin nuna wa jikoki ba. Ya ce ya ɗauka ya samu wayayyen ɗan jagora, ashe direba ne kawai. Kalmar nan ta ƙarshe ita ta soke ni. Na ga malantar da aka ba ni jiya tana shirin zamewa. Sai na buɗe baki na yi maganar da ta fi kowace muni a rayuwata, kuma na yi ta ina murmushi, hannuna ɗaya a kan sitiyari.

"Alhaji, kai ne ba ka iya ba. Nan ƙasar ba a taya abin gado. Wanda ka taya wa kuɗi, ka ba shi ƙofar cewa a'a. Sauka za ka yi gidan mutum, ka ci tuwonsa, ka kwana. Da safe a gaban mutane ka yabi abin. Ka bari a yi wata hira, ka koma ka sake yabawa. Dattijon kirki ba ya barin baƙonsa ya yaba abu sau uku ya tafi hannu wofi. Balle in ɗan ƙanwarsa ne ya kawo baƙon."

Mai Hoto ya ce, "Malam Garba, kana da irin wannan dattijo?"

Na ce, "Ina da kawu a Gummi."

Abin da ban gaya masa ba shi ne al'adar nan tana da marfi. Kakanninmu ba wawaye ba ne da za su bar gidajensu a buɗe ga duk mai zaƙin baki. In baƙo ya yabi abin da ba ya fita gida, mai gida ba ya hanawa da bakinsa, kara ba ta bar shi ba. Wanda ya kawo baƙon shi ke hanawa. Shi zai yi dariya ya ce, Alhaji, wannan kam sai kallo, shi ke nan maganar ta mutu ba wanda ya ji kunya. Na san wannan tun ina goye. Kowane yaro a ƙasarmu ya sani.

Mun shiga Gummi rana ta uku da hantsi. Na kai shi bakin gulbi ya ga masunta da kwale-kwalensu, ya ga inda ake banda kifi, ya ga fadamar albasa da rake. Na kai shi tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna inda mota ba ta shiga, da rijiyar da aka ce ba ta taɓa ƙafewa ba. Amma ranar bai ɗauki hoto da yawa ba, hankalinsa na gaba. Bayan la'asar muka sauka gidan Kawu.

Kawu Ɗanjimma ba mai sarauta ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Manomi ne, dogo, mai magana a hankali. Amma a unguwarsu in rigima ta tashi, ta gona ce ko ta aure ko ta ɓarnar shanu, kafin a kai wa hakimi sai a ce a je zauren Ɗanjimma. Abin da ya yanke an yanke, domin an san ba a sayen bakinsa. Ƙyauren zauren, gambu muke cewa a can, falle ɗaya ne na itacen ƙirya, kaurinsa ya kai tafin hannu, an jera masa ƙusoshin maƙera masu kai kamar ƙwallon goriba. Akwai sara uku a jikinsa da aka ce na gatarin mahara ne. Ƙafarsa na zaune cikin wani dutse mai rami, a nan yake juyawa, in ƙarti huɗu suka kama sai su ɗaga shi ya fita. In aka buɗe shi da asuba, unguwa duka tana jin kukansa.

Kawu ya karɓe mu kamar ya ga sarki. Ya yanka zabi, ya ba baƙo ɗakinsa, ya riƙe hannuna ya ce:

"Ɗan Hauwa, yau ka tuna da mu. Baƙonka baƙona na."

Da safe bayan an karya, dattawan unguwa suka taru a zaure kamar yadda suka saba, har da wani Baba Nomau, maƙwabcin Kawu, mai kaifin harshe. Mai Hoto ya miƙe ya shafa gambun ya ce bai taɓa ganin irinsa ba tun daga Kano har Borno. Kawu ya yi murmushi ya ce aikin mutanen da ne, ya aika cikin gida aka kawo wani gwado mai kyau, saƙar hannu, ya ajiye gaban baƙo. Duk wanda ke wurin ya gane. Ga tukwicin yabonka, ka bar maganar. Mai Hoto ya karɓi gwadon ya yi godiya. Aka yi hirar ruwa da farashin taki. Can sai ya koma ya ce wallahi gambun nan ya hana shi sukuni, abin takaici ne a ce duniya ba ta gan shi ba. Kawu ya ce a kamo ragon da ke turke a sa wa baƙo a mota. Sannan ya juyo ya dube ni.

Kallon nan ina ganinsa har yanzu. Ba fushi a ciki. Jira ne kawai, irin na mutumin da ya miƙa hannu a taya shi sauke kaya, bai ko yi zaton za a ƙi ba. Kalma huɗu ake nema daga gare ni. Baba Nomau ya yi gyaran murya. Wani ya taka mini ɗan yatsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, ina tunanin shafin farko.

Mai Hoto ya yaba na uku. Wannan karon ya sa masa zuma, ya ce aro ne, za a nuna shi a babban birni manyan mutane su gani, kafin ruwan farko ya sauka an dawo da shi. Kawu ya dubi gambun. Sannan ya ce:

"Baƙon Garba ba shi roƙo gidanga. Ku ɗaga mashi."

Ba wanda ya motsa. Sai da ya sake faɗa, sannan samari huɗu suka kama. Da gambun ya fita daga dutsensa, rana ta faɗo cikin zauren har bangon baya, na ga fuskokin dattawan nan fes, ba wanda ke kallona. Daga cikin gida na ji wata mace ta yi salati da ƙarfi aka kwaɓe ta. Baba Nomau ya kakkaɓe rigarsa ya fita ba sallama. Mai Hoto kuwa bai tsaya nan ba. Ya je kasuwa ya sa kafinta ya kafa wa zauren ƙyauren langa-langa, ya kuma ciro wata rediyo daga jakarsa ya ajiye wa Kawu a gaban kowa. Da gangan ya yi, yanzu na sani. Yana son duk wanda ya gani ya ce ciniki aka yi, don kada gobe a ce ya ɗauki abin mutane.

Ni na ɗaure gambun, ragon a gefensa. Mai Hoto ya ce in kai shi mararrabar babban titi. Da muka isa akwai wata babbar mota tana jira a gindin bishiya. Da aka ɗage tamfol na ga tambura biyu, da sirdi, da wasu ƙyamare irin namu har uku, an jera kamar itacen girki. Ba kwana huɗu ya yi yana zagayen nan ba, kuma ba ni ne Malam Garbansa na farko ba. Na gani da idona, gambun Kawu yana kan motata har lokacin, makulli na hannuna. Da na juya kan mota da yanzu ba wannan babin. Sai na taya su saukewa. Ya rubuta mini adireshi a takarda ya buga mini kafaɗa.

Na kwana a hanya, labari ya riga ni isa Anka. Ni ɗan fari ne, kun san Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye, sai ta bi ta kan wani. Na tarar tana kaɗi a tsakar gida, uwarku Hassi na tankaɗe. Na gaishe ta, ta amsa wa mazarinta. Na shiga ba da labarin tafiya, da ganuwa, da littafin da za a buga. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Hassi, tambayi mai motar ga. Gambun na da nauyi?"

Na ce ƙarti huɗu suka ɗaga shi.

Ta ce, "Huɗu. Haka na. Kullum huɗu ka ɗaga shi."

Ba ta ƙara ba, ranar ko wata rana. Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, aka yi shuka aka yi noma. Na ɗauki takardar na tafi Sakkwato. Adireshin shagon wani tela ne da bai taɓa jin sunan ba. Na bi ofis-ofis, ana turo ni daga wannan tebur zuwa wancan, wani akawu ya bar ni tsaye tun safe har azahar sannan ya ce ba su taɓa tura kowa ƙasarmu ba, ya kuma tambaye ni ko mu mutanen ƙauye haka muke ba kowa kayanmu. Na fito ina huci. Har yau in na tuna Mai Hoto jinina na tafasa. Mutum ya ci tuwon dattijo, ya kwana a shimfiɗarsa, ya karɓi gwadonsa da ragonsa, sannan ya cire masa ƙofa. Ɓarawon da ke haura katanga ya fi shi mutunci, shi ko ba komai yana barin mai gida da sunansa. Amma Mai Hoto baƙo ne, bai san inda ake soka wuƙa ba. Ɗan gida ne ya nuna masa wurin.

A Gummi kuwa magana ta bazu cewa Ɗanjimma ya musanya gambun kakanninsa da rediyo. Waɗanda ke zauren ranar sun san ba haka aka yi ba, amma su goma ne, bakin gari kuwa dubu. Kuma Kawu da kansa ya rufe musu baki. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce:

"Ni nib bayar. Gambuna na."

Bai taɓa ambaton sunana ba, ya kuma hana mutanen gidansa. Sannu a hankali masu kawo ƙara suka ragu. Mutum zai ce, wanda ya sayar da ƙofar ubansa zai ƙi sayar da gonata? Mutanen da ya raba wa rigima shekara talatin bai taɓa shan ruwan gidansu ba, su ne suka fi kowa yaɗa abin. Zauren ya koma shi kaɗai da tasbaharsa, iska na kaɗa langa-langa. Rediyon ba a taɓa sa mata batir ba. Ɗansa Umaru, taubashina, abokin wasana tun muna yara, yana cin rani lokacin da abin ya faru. Da ya dawo ya ji, bai zage ni ba, bai kuma sake amsa gaisuwata ba.

Ga inda laifina ya fi girma. Wata rana ina sauke kaya a kasuwar Gummi, wani mai kifi ya ce mini a gaban mutane, "Direba, kai kak kawo mutumin. Nawa anka ba tsoho?" Ga dama ta biyu Allah ya kawo mini har inda nake. Sai na ɗaga kafaɗa na ce:

"Oho. Tsakaninsu ne."

Daga ranar maganar ta zauna daram, tun da ɗan ƙanwarsa ma bai musa ba. Ni kuma da na faɗa sau ɗaya, sai ta yi mini sauƙin faɗa. Haka ta iso kunnuwanku.

Shekara shida bayan nan Kawu ya rasu, da hantsi, ranar wata Talata. Na isa ana shirin wanka. Maza sun cika zaure. Sai na ga dattawa huɗu sun miƙe tare, ba wanda ya kira su, sun nufi ƙofa suna naɗe hannun riga. Suka isa, suka miƙa hannu, suka tsaya cak gaban langa-langar nan. Ɗaya ya sauke hannunsa a hankali. Ban gane ba. Na tambayi na kusa da ni, ya dube ni kamar ya ga mahaukaci.

"Ba ka sani ba? Duk wanda yam mutu gidanga, bisa gambun nan a ka wanke shi. Ubanai, da kakanai, da uwatai. Ɗaga shi a kai, a shimhiɗa, in an gama a maishe shi."

Kakannina sun rasu ban yi wayo ba, kuma ba maganar da ake yi wa yara ba ce. Baba Nomau, ya tsufa ƙwarai lokacin, shi ya yi magana daga inda yake zaune, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ai sai a shimhiɗa mashi rediyo."

Shi da yake wurin ranar, ya ga komai da idonsa. Amma ba Kawu yake kallo ba da ya faɗa, ni yake kallo. Umaru ma ni yake kallo. Dama ta uku ke nan. Na yi shiru. Aka aro ƙyauren wani ɗakin awaki daga maƙwabta, aka wanke shi, aka wanke Kawu a kai. Na kama makara har kushewa, ina kuka, mutane na cewa ɗan Hauwa yana son kawunsa.

Ranin da ya wuce na sa ɗan'uwanku Sani ya kai ni Gummi, bai san dalili ba, na ce ya jira ni a mota. Umaru ya makance, yana zaune a zauren. An rushe na da an yi na bulo. Akwai mutum biyar ko shida tare da shi, yara ne a wurinmu. Na yi sallama, na zauna a ƙasa, na faɗi komai yadda na rubuta muku shi a nan, ban rage ba. Yaran ma ba su san wane gambu ake nufi ba. Can Umaru ya ce:

"Garba ne?"

Na ce ni ne. Shekara arba'in rabon da ya kira sunana.

"Waɗanda ya kamata su ji duk suna ƙasa. Wa ka ka hwaɗa ma?"

Na ce ban sani ba. Na ce ko shi kaɗai ya ji ya isa. Ya murza sandarsa ya ce:

"Ni na sani tun da can. Abin da kai ba ka sani ba shi ya rage. Gwaggo Hauwa ta roƙi Baba tun tana amarya, in tata ta zo, ko ina take, a maido ta gida a wanke ta inda anka wanke uwatta. Yay yi mata alkawali. Ranar da kunka tahi da gambu, kahin ka kai titi, ya tashi mutum bisa keke zuwa Anka, shi ce mata ta yi haƙuri, kuma kat ta hwaɗa ma yaro. Ba ta hwaɗa maka ba?"

Ba ta faɗa mini ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidana bayan ranar nan, kullum in na dawo daga hanya furata na rufe a inuwa, ita ta dama da hannunta. Da ta rasu, a Anka muka wanke ta, a kan tabarma, ni na sayo tabarmar.